Ram ɗin da aka ce na sace a Gyaɗi-Gyaɗi

Jiya a wani shagon kwamfuta a Tarauni na iske wani yaro yana cacar baki da mai shago. Ya sayi katin hoto na Intel Arc, ya saka a tsohuwar kwamfuta 'yar Beljiyam, wai tana tafiyar hawainiya, lallai jabu aka ba shi. Sai na tuna abin da ya same ni wajen 2008, ina gyara a wani kafe a Gyaɗi-Gyaɗi.

Wani mai tace fim daga Zoo Road ya kawo ram gigabait 4 na saka masa. Windows XP ta nuna uku da ɗan wani abu. A gaban jama'a ya ce na yi masa sata. Wallahi na kasa kare kaina, don ni ma ban san dalili ba.

Ashe maganar ta girme ni. Kwamfuta ba ta taɓa komai sai da adireshi, kamar lambar gida. Tun 1981 IBM ta bar wa manhajoji kilobait 640 kawai cikin megabait ɗaya, ragowar lambobin ta ware wa allo da makamantansa. Da VGA ta zo a 1987, ƙwaƙwalwarta kilobait 256 ce, amma ta tagar kilobait 64 ake rubuta mata. Windows mai bit 32 kuwa iyakar lambobinta gigabait 4. Katin hoto da sauran na'urori suka kwashi rabonsu, ragowar ram ɗin mutumina ya rasa lamba. Yana nan, ba dai a ganinsa.

Tagar nan ba ta ɓace ba, girma ta yi, ta daɗe a megabait 256. In ta cika, direba ya bi ta bayan gida: ya fara rubutawa a ram, sannan katin ya kwafe. Aiki biyu ke nan. A 2020 AMD ta fara tallar buɗe tagar gaba ɗaya, abin da ake kira Resizable BAR, kuma katunan Arc na 2022 sun dogara da shi sosai. Ni dai a ganina ya kamata masu shago su riƙa faɗa kafin su karɓi kuɗi.

Muka buɗe BIOS na yaron, babu wannan zaɓin, kwamfutar ta tsufa. Mai shago ya karɓi katinsa, ya musanya masa da wani.