Ladan Mata Maɗinka: Darasin New York da Dakka

Tarihin masana'antun ɗinkin tufafi, galibinsa tarihin gumin mata ne. A watan Nuwamba na 1909, wata matashiya mai suna Clara Lemlich ta miƙe a wani taron ma'aikata a birnin New York na Amurka, ta yi kira da a tafi yajin aiki. Maɗinka kimanin 20,000 suka amsa kiran, akasarinsu 'yan mata baƙi da suka yi ƙaura zuwa Amurka, Yahudawa daga gabashin Turai da kuma 'yan Italiya. Da aka janye yajin a Fabrairun 1910, masana'antu da dama sun yarda da ƙarin lada da rage aiki zuwa awa 52 a mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai kamfanin Triangle ya ƙi amincewa da ƙungiyar ƙwadago. Ranar 25 ga Maris, 1911, gobara ta tashi a masana'antarsa, aka tarar da wata ƙofar fita a kulle, mutum 146 suka hallaka. Cikin waɗanda suka gani da idonsu har da Frances Perkins, wadda ta zama Sakatariyar Ƙwadago ta Amurka a 1933. A zamaninta ne aka kafa dokar 1938 da ta ƙayyade mafi ƙarancin lada, santi 25 a kowace awa.

Da lada ya ƙaru a ƙasashen Yamma, sai attajiran tufafi suka riƙa kai aikin ɗinki inda ƙwadago ke da araha, musamman ƙasashen Asiya irin su Bangladesh. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, benen Rana Plaza da ke Savar, kusa da Dakka, ya rushe, mutum 1,134 suka rasu. Tun ana gobe aka ga bango ya tsage, amma aka tilasta wa ma'aikata su shiga, da barazanar hana su albashi. A lokacin, mafi ƙarancin albashi taka 3,000 ne a wata.

A nan darasin yake. Macen da albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata ba ta da ikon cewa a'a, ko da kuwa rai ne a kan layi. Saboda haka batun lada da batun tsaron rai ba su rabuwa.

Bayan rushewar, an ɗaga albashin zuwa taka 5,300, sannan 8,000 a 2018, sai 12,500 a 2023 bayan zanga-zanga, alhali ƙungiyoyin ƙwadago 23,000 suka nema. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita ce bambancin abin da doka ta yanke da abin da zai ciyar da iyali, ya biya haya da magani da kuɗin makaranta. Duk jami'in da aka ɗora wa yanke albashi, wannan tazara ya kamata ya fara dubawa.