Tuɓe Rawani a Tarihin Ƙasar Zazzau

'Yan'uwa mazauna Kaduna da Kano da Legas, da yawanku kun san tara, amma ba ku san wasau ba. Tara, mutum ya biya ya koma gida da mutuncinsa. Wasau kuwa ƙwace ne: a raba mai sarauta da rawaninsa, a haɗa da dukiyar da ya tara a inuwarsa. Ƙasarmu ta Ikara da Makarfi da Kudan tana ƙarƙashin Zazzau, don haka wannan tarihi namu ne.

A 1853 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Sarkin Zazzau Sidi Abdulkadir, ɗan Malam Musa, bai ko cika shekara a kan gado ba, saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsa da Wazirin Sakkwato. A 1888 aka tuɓe Sarki Sambo bayan Ningawa sun addabi ƙasa da hare-hare ya kasa kare ta. Da Turawa suka zo sai suka ɗora a kan abin da suka tarar. Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, Keffi kuwa ƙarƙashin Zazzau take, sai Sarki Kwasau ya rasa gadonsa aka kai shi Lokoja, alhali ba hannunsa ne ya yi kisan ba. Aliyu ɗan Sidi da aka naɗa a 1903, fasihin mawaƙin nan, shi ma tuɓe shi aka yi daga baya, ya rasu a Lokoja a 1924. Uba da ɗa ke nan, hukunci iri ɗaya.

Abin da ba mu cika koya wa yara a aji ba (mu ma da laifinmu) shi ne yadda hukuncin yake gangarowa ƙauye. A wancan zamani hakimai a birnin Zariya suke zaune, jakadunsu ne ke zuwa garuruwanmu karɓar haraji. Idan sarki ya faɗi, sabon sarki yakan sauke mutanen wancan ya naɗa nasa. Gandun sarauta da bayin da ke noma shi su koma hannun wani, jakada ya canza, dagacin da ya dogara da tsohon ubangida ya kwana cikin zullumi. Talakan Hunkuyi ko Paki bai yi wa Sakkwato laifin komai ba, amma shi zai wayi gari yana neman sanin ƙofar da zai kai kukansa da gaisuwarsa.