Tasirin Magungunan Rage Asid a Kan Gwajin Gastirin ga Masu Gyambon Ciki

A Zonkwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Zangon Kataf, haka ma a Kafanchan da ƙauyukan kewaye, mai fama da ƙwannafi ko zafin ciki yakan fara da kemis kafin asibiti, kuma cikin abin da akan miƙa masa akwai omefirazol, wanda ke toshe famfunan da ke fitar da asid a bangon tumbi. Maganin yana kawo sauƙi ƙwarai, sai dai yana jirkita sakamakon wani gwaji muhimmi.

Gastirin homon ne, wato sinadarin da ke kai saƙo ta jini, kuma ƙasan tumbi ne ke samar da shi domin ya sa a fitar da asid; idan asid ya wadata sai samar da shi ya ragu, idan kuwa magani ya danne asid sai gastirin ya hauhawa. Wannan hauhawar ce kuma likita ke nema idan yana zargin cutar da Zollinger da Ellison suka bayyana a Amurka a 1955, inda wani ƙari a farkon ƙaramin hanji ko a fankiriyas ke zubo gastirin babu ƙaƙƙautawa, har gyambo ya ƙi warkewa. Ma'aunin gastirin a jinin mai lafiya da ke azumi yakan kasance ƙasa da fikogiram 100 a kowace mililita, kuma ko ya haura 1000 ba a yanke hukunci sai an tabbatar tumbin cike yake da asid. Saboda haka ake dakatar da omefirazol aƙalla mako guda kafin gwaji, a riƙe majiyyaci da wani maganin rage asid mai suna famotidin, amma a hannun likita, domin mai cutar ta gaskiya yana iya zubar da jini ko hanjinsa ya huje idan ya bar magani farat ɗaya.

Cutar ta Zollinger da Ellison ba ta da yawa. Abin da ya fi haddasa olsa shi ne ƙwayar Helikobakta, ita ma omefirazol yakan ɓoye ta a gwajin numfashi da na bahaya idan ba a dakatar da shi mako biyu ba. Talakan da ya sayar da citta ya tafi asibiti a Shika ko Jos bai cancanci sakamakon da zai ɓatar da shi ba. Wajibi ne ma'aikacin lafiya ya tambayi abin da ake sha kafin ya rubuta gwaji, majiyyaci kuma ya zo da kwalayen magungunansa.