Yadda Doka ta Raba Aiki a Filin Ƙwallon Raga

A watan Maris na 2024 birnin Accra ya karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na 13, ƙwallon raga kuma na cikin wasannin da aka fafata. Wasa ne da ya dace da unguwannin zango masu cunkoso irin su Nima da Maamobi da Old Fadama, domin filinsa mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi, yana shiga inda filin ƙwallon ƙafa ba zai shiga ba. Sai dai mai kallo kan yi tambaya: me ya sa cikin mutum shida kowa da aikinsa, har ɗaya ya sa riga daban? Amsar tana cikin tarihin dokokin wasan, domin kusan kowane matsayi doka ce ta haife shi.

William G. Morgan ya ƙirƙiro wasan a 1895 a garin Holyoke na Amurka, a ƙarƙashin ƙungiyar YMCA. Ya yi shi ne don manya waɗanda ƙwallon kwando ya yi wa tsanani. A lokacin ba a ƙayyade yawan 'yan wasa ba, ba a kuma ƙayyade yawan taɓa ƙwallo ba, saboda haka babu rabon aiki.

A 1912 aka shigo da dokar zagayawa, daga baya adadin ya tsaya a kan shida. Gurabe shida ne, uku a gaba, uku a baya, mai bugun farko yana gurbi na 1, wato baya ta dama. Manufar dokar ita ce kowa ya ɗanɗana ko'ina.

Sauyi mafi girma daga ƙasar Filifin ya fito. Wajen 1916 'yan wasan can suka fara ɗaga ƙwallo sama domin wani ya yi tsalle ya maka shi ƙasa. A 1920 aka taƙaita taɓawa zuwa uku, sai kowace taɓawa ta sami mai ita: mai karɓa, mai ɗagawa, mai duka. Mai ɗagawa shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya, shi ke zaɓar wanda zai kai hari. Mai dukan hagu yana karɓa yana kuma kai hari. Na tsakiya, wanda galibi ya fi kowa tsawo, aikinsa tare hari a bakin raga da saurin duka. Mai dukan dama kuwa yana tsaye daura da mai ɗagawa a jerin zagayawa.

Bayan kafa hukumar FIVB a Paris a 1947, da shigar wasan gasar Olamfik a Tokyo a 1964, ƙwarewa ta ƙaru, dogaye suka mamaye fili, tun da ragar maza mita 2.43 ce, ta mata 2.24. Gajere ya kusa rasa wurin tsayawa.

Nan ne hukumar ta kawo matsayin libero a 1998, kalmar Italiyanci mai nufin 'yantacce. Shi ne mai riga daban. Yana maye gurbin ɗan baya ba tare da an ƙirga canji ba, amma ba ya tarewa, ba ya kuma dukan ƙwallon da ke sama da raga. Aikinsa ceto ƙwallo kafin ya taɓa ƙasa, wanda ke bukatar ido da zafin nama, ba tsawo ba.

Saboda haka yaron da ke Nima wanda aka ce ya yi gajarta yana da gurbi a doka tun 1998. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, taɓawa ukun nan kuwa mutum ɗaya ba ya yin biyu a jere.