Daga Hannun Mai Zubi Zuwa Asusun Kamfani: Tafiyar Kuɗin Inshora da Batun Amana

Duk wanda ya taɓa sabunta takardun motarsa a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san yadda ake yi. Mutum ya miƙa kuɗi dunƙule ga wani da ke zaune a bakin ofishin lasin, bayan ɗan lokaci a dawo masa da takardu a ninke, cikinsu har da guda mai ɗauke da sunan kamfanin inshora. Ba ya tambayar nawa ne rabon inshora a cikin abin da ya bayar, balle ya bincika ko kuɗin sun isa inda aka ce za su. Abin da ya saya, a ganinsa, takarda ce da zai nuna a shingen bincike.

An daɗe ana cewa jama'armu na gudun inshora saboda addini ko rashin wayewa. Akwai ƙamshin gaskiya a batun addini, kuma zan komo kansa. Amma abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, babbar matsalar tana kan hanyar da kuɗin ke bi. Bahaushe ya san zubi tun kafin zuwan banki. Yana zuba adashi wata da watanni ba tare da takarda ko ɗaya ba, domin ya san uwar adashi, ya san gidanta, ya san ranar kwasarsa. Abin da bai saba da shi ba shi ne zubin da yake ɓacewa daga idonsa da zarar ya bar hannunsa.

A doka, kuɗin inshora shi ne abin da mutum ke biya domin kamfani ya ɗauke masa nauyin asarar da ka iya faruwa cikin wani ƙayyadadden lokaci, galibi shekara guda. Dokar Inshora ta Nijeriya ta 2003, a sashe na 50, ta ce karɓar wannan kuɗi sharaɗi ne na ingancin yarjejeniyar, kuma babu wata kariya sai an biya tun farko. Sai dai shekaru kusan goma dokar tana kwance a takarda. Kamfanoni, saboda gasar neman ciniki, suna ba da kariya bashi, musamman ga manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati. Dillalai suna karɓar kuɗi daga masu inshora su riƙe watanni suna juyawa. Littattafan kamfanoni suka cika da kuɗin da aka rubuta an samu alhali ba su shigo ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a harkar inshora illarsa ta musamman ce: kamfanin da ke bin rabin kuɗinsa a waje ba zai iya biyan wanda shagonsa ya ƙone yau ba. Wanda ya biya kuɗi hannu shi ke ɗaukar nauyin wanda ya ci bashi.

Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta fara tilasta aiki da wannan sashe daga ranar 1 ga Janairun 2013, a ƙarƙashin ƙa'idar da za a iya kira "ba biya, ba kariya". Ba Nijeriya kaɗai ta bi wannan hanya ba. Ƙasashen da ke aiki da kundin inshora na CIMA, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi, sun riga ta, domin a 2011 suka gyara sashe na 13 na kundinsu ya zama yarjejeniya ba ta fara aiki sai an biya. Gana ta bi sahu a 2014. Ke nan ɗan kasuwar Maraɗi da na Katsina da na Kumasi duk ƙa'ida guda ke kansu a wannan fanni.

Ina ganin gyaran daidai ne, kuma hujjarsa tana cikin yanayin kuɗin kansa. Ɗauki naira 15,000 da mai ƙaramar mota ke biya na inshorar dole tun daga Janairun 2023, lokacin da aka ɗaga shi daga naira 5,000, aka kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar wanda aka yi wa ɓarna daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ranar da kuɗin suka shiga asusun kamfani, ba su zama ribarsa ba. A lissafin ma'aikatan inshora, kamfani yana cin halaliyarsa ne sannu a hankali, kamar naira 1,250 a kowane wata, gwargwadon yadda lokacin kariyar ke shuɗewa. Ragowar ajiya ce da dole ya keɓe, domin alhakin watannin da ba su zo ba yana wuyansa. Daga cikin kuɗin ake fitar da la'adar dillali ko wakili, da kashi 1 cikin 100 na harajin hukuma, da rabon kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, irin su Africa Re mai hedikwata a Legas, da kuɗin gudanar da ofis. Abin da ya saura shi ake haɗawa da na dubban masu motoci a biya tsirarun da tsautsayi ya faɗa wa. Naira miliyan 3 zubin mutum 200 ne cif, tun ma kafin a cire ko sisi na ɗawainiya. Idan hamsin daga cikinsu bashi suka ci, ko kuɗinsu ya maƙale a hanya, lissafin ya rushe.

To amma wa gyaran ya fi amfana? A nan nake da ja. Ƙa'idar ta toshe ɓarakar da ke cutar da kamfani, ta ɗora wa mai biya sharaɗi mai tsauri: idan kuɗinka ba su shiga ba, ko da gobara ta tashi washegari, ba ka da komai. Adalci ya buƙaci a ba shi, a madadin haka, tabbacin cewa abin da ya bayar ya isa. Dokar 2003 ta yi wani yunƙuri mai kyau. Ta wajabta wa dillali ya ajiye kuɗin jama'a a asusu na daban, kada ya gauraya da nasa, kuma ya miƙa wa kamfani cikin kwana 30 da karɓa. Ta kuma ce kuɗin da dillali ya karɓa tamkar kamfani ne ya karɓa. Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi ƙwarai. A asali dillalin inshora wakilin mai saye ne, shi ke nema masa kamfanin da ya dace. Amma a wajen karɓar kuɗi doka ta mayar da hannunsa hannun kamfani, ta yadda idan ya ci amana, asarar kamfani ce, mai biya yana nan da kariyarsa. Ɗalibin fiƙihu zai gane wannan nan take, domin tambaya ce da malamanmu suka daɗe suna warwarewa a babin wakilci da ajiya: idan dukiya ta salwanta a hannun ɗan aike, a wuyan wa take?

Sai dai wannan garkuwa ta dillali mai rajista ce kawai, irin wanda manyan kamfanoni da ma'aikatu ke hulɗa da shi. Direban tasi da mai a-daidaita-sahu ba su taɓa ganin irinsa ba. Wanda suke gani shi ne mutumin bakin ofishin lasin, wanda doka ba ta san da zamansa ba. Idan ya buga takardar jabu ya soke kuɗin a aljihu, ba kamfanin da za a kama. Dokar ta fi kare wanda dama yake da lauya da akanta, ta bar wanda ya fi kowa buƙatar kariya a fili. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ta samar da rumbun bayanai, NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ya ga ko inshorarsa ta gaskiya ce. Abu ne mai amfani, ina kuma shawartar kowane mai mota ya duba. Amma bincike ne da ake yi bayan kuɗi sun riga sun fita. Tun da 'yan sanda suka fara tsananta binciken inshorar motoci a ranar 1 ga Fabrairun 2025, buƙatar takardar ta ƙaru, kuma duk inda buƙatar takarda ta fi sanin amfaninta yawa, kasuwar masu jabu ce ke buɗewa.

Akwai wani nauyin kuma da ƙa'idar ta ɗora wa mutanenmu. Biyan kuɗin shekara gaba ɗaya ya dace da ma'aikacin albashi da kamfani mai kasafi. Manomi kuwa kuɗinsa na kaka ne, alhali lokacin da yake buƙatar kariya shi ne farkon damina, sa'adda taki da iri suka cinye abin hannunsa. Ɗan tireda kullum yake samu, kullum yake mayarwa cikin kaya. Lokacin da gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, an yi ta maganar cewa ya kamata 'yan kasuwa su rungumi inshora. Ban ji an tsaya sosai a kan yadda za su biya ba. Maganin ba komawa ga bashi ba ne, domin mun ga inda ya kai mu. Maganin shi ne a gajarta wa'adin kariyar ya dace da yadda kuɗi ke shigowa: zubin wata ya sayi kariyar wata, zubin mako ya sayi ta mako, ta waya ko ta hannun ƙungiyar 'yan kasuwa mai rajista wadda doka za ta ɗauki karɓarta a matsayin karɓar kamfani. Wannan bai saɓa wa "ba biya, ba kariya" ba ko kaɗan.

Yanzu batun addini. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙ da ya rasu a 1836, yana cikin na farko da suka tattauna inshorar jiragen ruwa, kuma bai halatta ta a yawancin surorinta ba. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta saboda garari, wato rashin tabbas, mai yawa da ke cikinta, ta kuma amince da inshorar taimakon juna. Wasu manyan malamai, irin su Mustafa al-Zarƙa, sun saɓa, suka halatta ta. Abin lura a wurina shi ne, ko wannan saɓani a kan mallakar kuɗin yake. A inshorar kasuwanci, kuɗin da ka biya sun zama na kamfani, abin da ya ragu bayan biyan diyya ribar masu hannun jari ce. A takaful, wato tsarin inshorar taimakon juna, wanda aka fara a Sudan a 1979, Maleshiya kuma ta yi masa doka a 1984, zubin gudummawa ce da ke shiga asusun mahalarta, wanda aka raba shi da asusun masu kamfani. Kamfani wakili ne, yana ɗaukar ladan wakilci da aka ƙayyade, ko kaso daga ribar juya kuɗin. Idan an sami rara a ƙarshen shekara, ta mahalarta ce. Idan asusun ya gaza, kamfani ya ranta masa ba ruwa, ya cire daga rarar gaba. Wato amsar da malamai suka bayar ga matsalar shari'a ita ce a sake tsara hanyar kuɗin, a bayyana na wane ne a kowane mataki. Wannan yana ƙarfafa abin da na faɗa tun farko.

NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016, wasu suka biyo baya. Ina maraba da wannan, amma ina tsoron kada a ɗauka sunan Larabci kaɗai ya wadatar. Idan ladan wakilci ya yi yawa, rarar ba za ta taɓa samuwa ba, kuma mahalarci ba zai san dalili ba. Raba asusu biyu ba ya amfanar wanda ba a nuna masa ko ɗaya ba. Uwar adashi ma tana da nata kason, a adashin 'yan kasuwa sau da yawa zubin rana guda ne a wata, kuma ba wanda ke jin haushi, saboda kowa ya san adadin tun ranar farko.

A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003. Ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rai zuwa naira biliyan 10, na inshorar da ba ta rai ba zuwa biliyan 15, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe. Duka wannan yana kare kuɗin ne bayan sun isa kamfani. Tazarar da ke tsakanin hannun direba da asusun kamfani tana nan, kuma cike ta bai kai tara biliyoyi wuya ba. Hukuma za ta iya wajabta cewa duk kuɗin inshorar dole a biya su kai tsaye cikin asusun kamfani, mai biya ya sami saƙon waya daga kamfanin da kansa, da Hausa ga wanda ya zaɓa, mai ɗauke da lambar motarsa, da ranar da kariyar za ta ƙare, da adadin diyyar da take ɗauke da ita, da lambar da zai kira idan ya yi haɗari. Ga mahalarcin takaful a ƙara masa layi biyu: naira nawa daga zubinsa ta tafi ladan wakilci, da nawa aka raba na rara a bara.