Tarihin Makarantu da Majami'u a Karkarar Tasawa da Mayahi

El Allassane Maïreyrey ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mayahi, cikin jihar Maraɗi, maƙwabciyar ƙasar Tasawa. Akasarin mazaunanta Musulmi ne, manoman gero da makiyaya. Karatu ya shigo ƙauyukan wannan yanki ta hanya uku: makarantar allo, makarantar gwamnati da makarantar mishan.

Makarantar allo

Ita ce mafi daɗewa. Tun kafin zuwan Turawa, malamai na koyar da Alƙur'ani a zaure ko a gindin itace, da allo da tawada da alƙalamin kara. Da dare almajirai kan yi karatu da hasken wutar kara. Daga nan ne wasu suka koyi rubuta Hausa da ajami. Mutanen gari ke ciyar da malami, su kuma taya shi noma.

Makarantar gwamnati

Faransawa ne suka kawo lakwal, inda ake karatu da Faransanci. Tasawa ce cibiyar mulkinsu a yankin har 1927, lokacin da suka mayar da ita Maraɗi. Da fari iyaye sun guje wa lakwal, domin da ƙarfi ake ɗaukar yara, kuma ana tsoron ta raba su da addini da gona. Sa'ad da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke makaranta ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Bayan haka ne makarantu suka fara isa ƙauyuka, aka kuma buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci domin manya. A 1973 aka fara gwajin koyar da yara da Hausa a Damagaram. A 2002 aka kafa ƙananan hukumomi irin El Allassane Maïreyrey, kuma tun zaɓen 2004 suna da hannu a kula da makarantun firamare.

Mishan da majami'u

Ƙungiyar mishan ta SIM ta iso Damagaram a 1924, sannan ta zauna a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi. Da Hausa take koyarwa, musamman bayan an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ta buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956. Wasu da suka yi jinya ko karatu a waɗannan wurare sun koma ƙauyukansu, suka gina ƙananan majami'u na laka. Ɗaki ɗaya kan zama wurin sujada ran Lahadi, ajin karatu a sauran kwanaki. A Agye, kusa da Tasawa, akwai makarantar horar da masu wa'azi. Cocin Katolika kuwa ta ba Maraɗi bishop nata a 2001. Kiristoci ƴan kaɗan ne a yankin, kuma da yawansu dangi ɗaya ne da maƙwabtansu Musulmi.

Abin lura

A duk hanyoyin nan uku, mutanen gari ne suka ba da fili, suka kwaɓa ƙasa, suka yi jinka. Makarantu da yawa da ajin zana suka fara. Amma zana ba ta jure wuta: a Nuwamban 2021 gobara ta kashe yara fiye da 20 a irin waɗannan azuzuwa a birnin Maraɗi. Saboda haka ya kamata iyaye su shiga kwamitin makaranta, su nemi ginin ƙasa ko na siminti.

Ya mai karatu, tarihin makarantar garinku yana bakin tsofaffi. Ka tambaye su wa ya ba da fili, wane ne malamin farko, a wace shekara aka buɗe. Tunda ka iya rubutu, ka rubuta ka ajiye wa ƴaƴanka.