Hugo Rodallega: Shekara 20 Tsakanin Kofi Biyu

Daren 29 ga Yuni, 2025, a filin wasa na Atanasio Girardot da ke birnin Medellín a ƙasar Kolombiya, ana wasan ƙarshe na gasar ƙasar tsakanin Independiente Medellín da Independiente Santa Fe ta Bogotá. Karawar farko an tashi babu ci, wannan kuma ana kunnen doki, 1 da 1, lokaci yana ƙurewa. Ɗan wasan gaban Santa Fe ya ji rauni, yana ɗingishi, hawaye na zuba a fuskarsa, kowa yana ganin tasa ta ƙare a wasan. Ana cikin haka aka kawo masa ƙwallo a cikin da'irar gidan masu masauki, ya ɗora mata ƙafa, ta faɗa raga. Da wannan ƙwallo Santa Fe ta ci 2 da 1, ta ɗauki kofinta na 10, wanda rabonta da shi tun 2016. Mai ƙwallon shi ne Hugo Rodallega, saura wata guda ya cika shekara 40. Rabon da ya ɗaga kofin gasar Kolombiya kuwa tun 2005, lokacin yana saurayi ɗan shekara 20 a Deportivo Cali. Tsakanin kofin farko da na biyu ya zaga Meziko da Ingila da Turkiyya da Birazil, kuma idan aka haɗa da ƙungiyoyin gida, rigar ƙungiya 12 ya sanya a ƙasa 5.

Irin wannan ɗan wasa shi ake yi wa kallon ɗan ci-rani a majalisun ƙwallo, a ce bai zauna ko'ina ba balle a san shi da wani gida. Ra'ayina shi ne wannan ma'auni gurgu ne. Muna auna 'yan wasa da girman ƙungiyar da suka buga wa da yawan kofin da ke cikin kabad ɗinsu, alhali mafi yawan ƙwallon da ake bugawa a duniya ba don kofi ake buga ta ba, don a tsira ne. Ɗan wasan da ƙungiyoyi masu neman tsira suka yi ta ɗauka har shekara 20, a nahiya daban-daban da harshe daban-daban, ya ci wata jarrabawa da taurari da dama ba a taɓa ɗora musu ba. Tarihin Rodallega shi ne hujjata.

An haife shi ranar 25 ga Yuli, 1985, a El Carmelo, wani ƙaramin gari a yankin Valle del Cauca, ƙasar noman rake da ke kusa da birnin Cali. Ya fara buga ƙwallon ƙwararru a Deportes Quindío da ke garin Armenia, tsakiyar yankin da ake noma gahawa. Sunansa ya fito ne a farkon 2005, lokacin da Kolombiya ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta Kudancin Amurka. Kolombiya ce ta ɗauki kofin, shi kuma ya fi kowa cin ƙwallo da guda 11. A gasar akwai Lionel Messi cikin tawagar Ajantina, akwai Radamel Falcao a tawagar su Rodallega. A shekarar ce Messi ya jagoranci Ajantina ta doke Najeriya ta su Mikel Obi a wasan ƙarshe na matasan duniya a Holan, don haka masu kallo a Najeriya sun san wace irin tsara ake magana a kai. Bayan gasar Rodallega ya koma Deportivo Cali, suka ɗauki kofin zangon ƙarshen shekara, domin a Kolombiya kaka kashi biyu ake raba ta, kowane zango da zakaransa.

Daga nan tafiya ta soma, kuma ya kamata a fahimci dalilinta kafin a zargi mai tafiyar. Akwai zamanin da Kolombiya ce ke janyo taurari. Daga 1949 zuwa farkon shekarun 1950, zamanin da ake kira El Dorado, Alfredo Di Stéfano da kansa a Millonarios ta Bogotá ya buga kafin ya tafi Real Madrid. Amma a zamanin Rodallega lamarin ya juye. Ƙungiyoyin ƙasar sun koma rayuwa da sayar da samarinsu, kuma gasar Meziko, mai kuɗin talabijin da manyan kamfanoni a bayanta, tana biyan albashin da gida ba ya iyawa. A 2006 Monterrey ta saye shi, bai samu gindin zama ba, aka ba da shi aro ga Atlas ta Guadalajara, sannan ya sauka a Necaxa. A can ne ƙafarsa ta sake kamawa har ya ja hankalin masu farautar 'yan wasa daga Turai. Shekara uku, ƙungiya uku: wanda ya karanta jerin sunayen kawai sai ya ce rashin natsuwa ne, amma saurayi ɗan shekara 21 da aka ba da shi aro ba shi ne ke riƙe da alƙalamin ba.

A watan Janairun 2009 koci Steve Bruce ya kawo shi Wigan Athletic a kan kimanin fam miliyan 4.5. Wigan ƙaramin gari ne a arewa maso yammacin Ingila, wanda ma an fi saninsa da wasan rugby, ƙungiyar kuma attajiri Dave Whelan ne ya ɗauko ta daga ƙananan rukuni har ta shigo Firimiya a 2005. Tsarinta a lokacin shi ne ta sayo mai araha daga Honduras ko Ekwado ko Kolombiya, ta ci moriyarsa, ta sayar da tsada. Watanni kaɗan da zuwansa Bruce ya tafi, Roberto Martínez ya karɓa. A Satumban 2009 Wigan ta doke Chelsea 3 da 1, Rodallega ya ci bugun fenareti bayan an ba Petr Čech jan kati. A Maris na 2010 ƙwallonsa ɗaya tilo ce ta kayar da Liverpool. A wannan zamani ne ya buga tare da Victor Moses, wanda Wigan ta ɗauko daga Crystal Palace.

Ranar da ta fi kowace bayyana ƙimarsa ita ce 22 ga Mayu, 2011, ranar rufe kaka. West Ham ta riga ta faɗi, saura gurbi biyu na masu faɗuwa, ƙungiya biyar kuma suna rawar ɗari: Blackburn, Wolves, Birmingham, Blackpool da Wigan. Wigan ta wayi gari tana cikin ukun ƙarshe, ga shi za ta je gidan Stoke City, filin da manyan ƙungiyoyi ma ke shan wuya saboda iska da ƙwallon sama da 'yan baya ƙarti. An kusa minti na 80 babu ci, magoya baya ido ɗaya a fili, kunne a kan sakamakon sauran filaye. Sai Maynor Figueroa ya kwararo ƙwallo daga hagu, Rodallega ya tashi ya sa mata kai. Wigan ta ci 1 da 0, ta ƙare ta 16, Birmingham da Blackpool suka gangara. Babu kofin da aka miƙa a ranar, amma zaman Firimiya na kaka guda miliyoyin fam ne na kuɗin talabijin, albashin ma'aikata ne, martabar gari ce. Ya bar Wigan a 2012 da ƙwallo 24 a Firimiya, babu wanda ya ci wa ƙungiyar adadin haka a gasar. Shekara ɗaya bayan tafiyarsa Wigan ta doke Manchester City ta ɗauki kofin FA. Babu shi a hoton bikin, sai dai yana cikin waɗanda suka riƙe gidan kada ya rushe kafin ranar ta zo.

Mai suka zai ce, to ai yaron da ya fi Messi cin ƙwallo a 2005 ya ƙare a Wigan da Fulham, wannan ba faɗuwa ba ce? Gaskiya ne bai kai inda aka yi masa hasashe ba. Falcao ya zama dodon raga a Porto da Atlético Madrid, kuma lokacin da Kolombiya ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 2014, babu Rodallega a tawagar. Amma wa aka ɗauka a matsayin mudu? Idan Messi ne, to kusan duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya faɗi. Mudun da ya dace shi ne sauran samarin da ke haskawa a gasar matasa kowace shekara biyu, waɗanda yawancinsu kafin su kai 28 an daina jin ɗuriyarsu. Gasar matasa alkawari ce kawai, ta makonni kaɗan. Sana'ar kanta ita ce ka tashi kowace safiya ka je atisaye a garin da ba ka jin harshensa, a ƙarƙashin kocin da ba shi ya saye ka ba, ka kuma ƙwaci gurbinka.

Fulham ta nuna haka. Koci Martin Jol ya ɗauke shi kyauta a 2012 bayan kwantiraginsa ya ƙare, amma a bazarar ce aka kawo Dimitar Berbatov, sai benci ya zama mazauninsa. A kakar 2013/14 ƙungiyar ta yi koci uku. Da ruwa ya kai wa na ukun, Felix Magath, wuya a watan Afrilu, sai ya waiwayi mutumin da aka jingine, shi kuma ya ci Aston Villa, ya ci Norwich, Fulham ta samu nasara biyu a jere. Hakan bai hana ta faɗuwa ba, ya kuma bi ta rukuni na biyu ya buga kaka guda. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma shi kusan kullum bayan miyar ta ƙare ake tuna da shi.

A 2015, yana da shekara 30, ya koma Akhisar Belediyespor, ƙungiyar wani ƙaramin garin manoman zaitun a yammacin Turkiyya. Da yawa sun ɗauka ya je cin kuɗin sallama ne. Kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 19 a gasar, Mario Gómez na Beşiktaş da Samuel Eto'o na Antalyaspor kaɗai ke gabansa. Wannan ya sa Trabzonspor, babbar ƙungiyar gaɓar Bahar Aswad mai magoya baya masu zafin rai, ta ɗauke shi a Janairun 2017, inda ya zauna da Ogenyi Onazi, daga baya Anthony Nwakaeme ya tarar da su. Daga 2019 zuwa 2021 yana Denizlispor. Sannan ya tsallaka Birazil, zuwa Bahia ta birnin Salvador, inda a Satumban 2021, yana da shekara 36, ya zura wa Fortaleza ƙwallo 4 a wasa guda.

A nan suka ta biyu take shigowa, kuma ta fi ta farko nauyi: Fulham ta faɗi yana ciki, Denizlispor ta faɗi yana ciki, Bahia ma ta faɗi a 2021 yana ciki. Ina amfanin mai ceton da jirginsa ke nutsewa? Amsar tana cikin tambayar. Likitan da ake kai wa marasa lafiya masu tsanani dole a fi samun mutuwa a hannunsa fiye da wanda ake kai wa masu mura. Ƙungiyar da ke da kuɗi da kwanciyar hankali ba ta neman ɗan shekara 34 wanda kwantiraginsa ya ƙare. Mai nemansa ita ce wadda aljihunta ya yi rauni, bayanta na yoyo, tana son wanda zai ci ƙwallo tun makon farko ba tare da an jira shi ya saba ba. Ɗan wasan gaba guda ba ya tare ƙwallon da ake zura wa ƙungiyarsa. Abin da za a tambaye shi shi ne ko ya yi nasa aikin, kuma a Akhisar da Denizli da Salvador ya yi. Bayan faɗuwar Bahia ma bai tattara ya gudu ba, da shi aka buga rukuni na biyu a 2022, shekarar da ƙungiyar ta dawo.

Sauran zargin shi ne na rashin amana, wai mai yawon ƙungiyoyi kuɗi kawai yake bi. Lallai kuɗi yake nema, kamar yadda kowane mai sana'a yake nema, kuma sana'ar ɗan ƙwallo gajera ce, rauni guda a gwiwa kan iya rufe ta. Amma mu dubi wa yake fara juya baya. Ƙungiya ce ke ba da ɗan wasa aro idan koci ya sauya, ita ce ke ƙin sabunta kwantiragi idan ya haura 30. Wanda ya ƙare rayuwarsa a ƙungiya ɗaya, kamar Paolo Maldini a Milan ko Francesco Totti a Roma, ya yi dace ne an haife shi a ƙofar babban gida mai iya biyansa. Yaron El Carmelo ba shi da wannan gatan. Amanar da ke hannunsa ita ce ya ba duk wanda ya ɗauke shi aiki cikakken ƙarfinsa muddin yana sanye da rigarsa, kuma shekara uku da rabi a Wigan, uku a Fulham, shida a Turkiyya ba tarihin mai tsalle-tsalle ba ne.

Da ya dawo gida a 2023 ya shiga Santa Fe, ƙungiyar da ta fara ɗaukar kofin gasar ƙwararru ta Kolombiya a 1948, a birnin da ke kan tudu mai tsayin sama da mita 2,600, inda samari ma numfashi ke yi musu wuya. A tsakiyar 2024 suka kai wasan ƙarshe, Atlético Bucaramanga ta doke su a bugun fenareti. Shekara ɗaya bayan haka sai ga daren Medellín. Ina gudun a ɗauka wannan kofin ne ya wanke shi. Da ƙwallon ta bugi turke ta fita, da an cire shi minti biyu kafin ta zo, da tarihinsa yana nan yadda yake: mutumin da aka ci gaba da buƙata daga Armenia zuwa Wigan, daga Akhisar zuwa Salvador. Kofin ya sa masu kallon kabad ne kawai suka waiwayo. Shi kuwa abin da ya yi da gurguwar ƙafa a Medellín, shi ya yi da kai a gidan Stoke shekara 14 da suka wuce, ranar da babu kofin da za a miƙa wa kowa.